Wiwin masana'antu yana tada inji, amma a yi lissafin hekta tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya jiya ya ce ya ga wani bidiyo ana nuna Turawa suna noma wani irin wiwi marar sa maye suna yin man mota da shi. Yana son ya san ko gaskiya ne, kuma ko za mu iya nomawa a gida mu huta da tsadar gas da fetur. Na karanta amsoshin da aka ba shi. Wasu sun ce ƙarya ce tsagwaronta, wasu kuma sun ce kamfanonin mai ne suka danne maganar. Ni na yi shekara biyar ina aiki a wata ƙaramar masana'antar matse mai a lardin Manitoba na ƙasar Kanada, 'ya'yan wannan tsiro na cikin abin da muke matsewa, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Da farko Malam, a raba abubuwa biyu, domin na ga wani ya rubuta cewa ai rama ce. Ba rama ba ce. Ramarmu da ake kwaɗo da ganyenta, a tuƙa igiya da ɓawonta, 'yar'uwar yakuwa ce da kuɓewa. Wanda Turawa ke kira hemp jinsinsa ɗaya da tabar wiwi, sai dai an zaɓo irin da sinadarin maye na THC ya yi ƙaranci a cikinsa ƙwarai. A Kanada doka ta ce kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100. Sun halatta nomansa a 1998, Amurka ta bi sahu a ƙarshen 2018, Faransa da Chaina kuwa sun daɗe suna nomawa. A Kanadar ma sai da lasisi, kuma iri sai wanda hukuma ta amince da shi. Manomi ba ya ajiye na bana ya shuka baɗi.

Yana tada inji? Ƙwarai kuwa. Kuma wannan ba wani abin mamaki ba ne, don tun a baje kolin birnin Paris na 1900 aka tada injin dizal da man gyaɗa zalla. Duk man da ake suya da shi ana iya mai da shi man inji. Ni na yi da hannuna sau ɗaya. Wata shekara aka kawo mana iri da bai bushe sosai ba, ya ɗan yi fumfuna a rumbu, man da ya fito ya yi ɗaci bai cancanci ci ba. Maigidanmu ya ce maimakon a zubar, mu gwada shi a taraktan gona. Muka zuba lita 100 a tanki, muka ɗumama shi ya kai wajen digiri 55. A wani mazubi muka narkar da soda, irin wadda mata ke yin sabulu da ita, cikin lita 20 na metanol, wani sinadari dangin barasa da ba a sha, muka juye a kan man, injin gauraya ya yi ta juyawa awa guda. Muka bar shi ya kwana. Da safe na haska tocila ta jikin tankin, sai ga shi ya rabu gida biyu: ƙasa wani abu mai duhu da kauri kamar maɗi, shi ne gilisarin, sama kuma ruwa garau mai launin kore kamar ɗanyen ganye. Muka tsiyaye na ƙasan, muka wanke na saman da ruwa sau uku, muka busar. Da aka zuba wa tarakta ta tashi bugu ɗaya, hayaƙinta ba baƙi, ƙamshinsa kamar kana wucewa ta gaban mai tuyar ƙosai. Har yau ina tuna daɗin da na ji a ranar.

Masana a jami'ar Connecticut ta Amurka sun yi irin wannan gwaji a 2010, suka samu kashi 97 cikin 100 na man ya juye ya zama bayodizal, wato dizal ɗin da aka yi daga man tsiro. Mai bidiyon nan bai yi ƙarya ba a wannan gaɓar.

Inda maganar take tsayawa shi ne gona. Manoman da ke kawo mana kaya, idan shekara ta yi kyau, hekta ɗaya tana ba su kilo 800 zuwa 1,000 na iri. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar mai ne, amma injin matsewa ba ya fitar da shi duka, wani yana maƙalewa a tunkuzar. A ƙarshe za ka tashi da lita 300 ko ƙasa da haka. Direbobin da ke cikinmu su gyara mini in na kuskure: tirela mai kaya tana shan kusan lita 40 a kilomita 100, Kano zuwa Legas kuma wajen kilomita 1,000 ne. Ke nan noman hekta guda na damina sukutum ba zai kai tirela ɗaya Legas ba, balle ta dawo. A gonar da ke maƙwabtaka, kanola, wani tsiro da ake matse man girki daga 'ya'yansa, tana ba da wajen lita 1,000 a hekta. Kwakwar manja kuwa tan uku zuwa huɗu take bayarwa. Shi ya sa Indonesiya take cakuɗa manja a dizal ɗinta, ba wanda ya nufi wiwi.

Sai kuɗi. Man nan abinci ne mai daraja a wurinsu, a 'yan ƙananan kwalabe ake sayar da shi a kantunan masu kula da lafiya, ana zubawa a kan ganye, ana sa shi a sabulu da man shafawa. Ɓararriyar ƙwayar ma ana ci. Kuɗin lita ɗaya zai saya maka dizal lita da yawa. Wane manomi ne zai ƙona shi a inji? Mu ma don ya lalace ne muka yi. Duk tsawon zamana ban ga gidan mai ɗaya da ke sayar da bayodizal ɗin wiwi ba, alhali ba wanda ya hana su. Kasuwa ce ta raba gardama, ba wata maƙarƙashiya.

Akwai kuma halin man kansa. Irin man da ke bushewa ne in ya sha iska, shi ya sa mutanen zamanin da suke haɗa fenti da shi. Ragowar da muka bari a duro, bayan 'yan watanni ya fara kauri yana wari, aka zuba shi a haka, filta ta toshe, sai da aka kwance nozul aka wanke. Wannan a ƙasar sanyi ke nan. Ka ƙiyasta shi a duro cikin zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Bayodizal ko na wane iri ne yana cin tsofaffin robobin inji, kuma ƙarfinsa bai kai na dizal ba da kusan kashi ɗaya cikin goma.

Masu bidiyo suna cewa yana fitowa ko'ina, ba taki ba wahala. Manoman Manitoba taki suke zuba masa kamar alkama, kuma ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa. Ranar girbi zarensa yana naɗe ƙarafunan injin girbi, har gobara yakan tayar in ba a tsaya ana yankewa ba. Wani abin da ya fi shafarmu: tsiron yana lura da tsawon yini. A can rana takan yi awa 16 a lokacin bazararsu, sai ya yi ta tsawo, ba ya fure sai yini ya fara raguwa. A wurinmu yini bai cika wuce awa 12 zuwa 13 ba, irin nasu zai yi fure tun yana ɗan guntu.

Ana iya yin itanol, wato barasar da ake zuba wa mota, da karansa a madadin fetur, amma narkar da kara ya zama suga aiki ne mai cin kuɗi. A jihar Iowa an buɗe katafariyar masana'antar yin haka da karan masara a 2015, aka rufe ta a 2017. Brazil da ta yi nasara tun shirinta na 1975, da ruwan rake ta yi, wanda sugansa a shirye yake.

Yanzu maganar da na fi so ɗan'uwa ya riƙe. A Najeriya doka ba ta raba mai maye da marar maye ba. A dokar 1966 nomansa laifi ne, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 kuma ba za ta tsaya auna THC a gonarka ba, a ido ma kamarsu ɗaya. Ghana ta buɗe ƙofar ba da lasisi a dokarta ta 2020, Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta sake gyarawa a 2023, amma wannan Ghana ce. Don Allah kada wani ya yi odar iri ta intanet da sunan gwaji. Muna kuma ganin abin da shaye-shaye ke yi wa yaranmu, ba na son a sami wata rigar fakewa.

Na damu da wannan ne saboda na ga irinsa. Wajen 2008 aka zo ƙauyenmu da maganar cin-da-zugu, aka ce shi ne fetur ɗin gobe, yana fitowa a fako. Kawuna ya ware gona guda ya dasa. Itacen ya rayu, 'ya'ya kaɗan, masu cewa za su saya kuma ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Shekara uku gonar ba ta ba shi ko damin gero ba, a ƙarshe da gatari ya bi shi. Ba wanda ya zauna da shi tun farko ya lissafa masa lita nawa hekta za ta bayar, kuma wa zai saya.

In burinka injin ban-ruwa ko injin niƙa ya daina cinye ribarka, fara da abin da ba sai ka ware masa gona ba. Man suya da ya gaji a gidajen abinci da wurin masu wainar fulawa da awara, wanda ci gaba da cinsa ma cuta ne, yana zama bayodizal ta hanyar da na bayyana, sai dai a tace shi a ƙara soda gwargwadon tsaminsa. 'Ya'yan darbejiya suna zuba a banza a kowane titi, ga angurya a yankunan auduga. Mai shanu kuma kashinsu zai ba shi iskar girki. Duk wanda zai gwada, ya tabbata injinsa na dizal ne, ya fara da cakuɗa kashi ɗaya cikin biyar, ya yi abin da zai ƙare cikin wata guda, ya ajiye filta ta canji. Metanol guba ne, kurɓi kaɗan yana makantarwa, tururinsa yana kama wuta, soda kuma tana cin fata. A yi aikin a fili, da safar hannu da tabarau, nesa da yara da murhu. Wanda yake Kano ko Zariya kuma yana da man suya ko lita 20 ne, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, in Allah ya yarda idan na shigo sai mu haɗa na farko tare.