Karenka ya kashe gafiya, allurarsa kuma ta wuce lokaci

Salamu alaikum ɗan'uwa, na ga tambayarka tun da asuba, cewa karen gadinku a unguwar Sawaba nan Kumasi ya kashe gafiya da daddare, ga allurarsa ta haukan kare ta wuce da wata bakwai, wai ka kashe shi ne ko ka zuba ido. Ni ba likita ba ne amma na yi shekara goma sha biyu ina riƙe karnuka a gonarmu ta hanyar Ejisu, kuma irin wannan ya same ni.

Kar ka kashe shi, kuma kar ka zuba ido. Nemo tsohon katin allurar ka kai shi asibitin dabbobi na gwamnati yau ɗin nan a yi masa ta ƙari. Karen da aka taɓa yi wa allura ko da ta wuce lokaci ba ɗaya yake da wanda bai taɓa gani ba, jikinsa bai manta ba, da an ƙara masa sai kariyar ta tashi da sauri. A Amurka ma tun 2016 ƙa'idarsu kenan, in akwai takardar shaidar allurar baya sai a ƙara masa nan take maigida ya tsare shi kwana 45 yana lura, wanda bai taɓa yi ba kuwa killacewar wata 4 ce ko a kashe. Katin nan da muke jefawa ƙarƙashin katifa, darajarsa kenan. Nawa ruwa ya cinye shi lokacin da karyata ta yi faɗa da tunku ya yage mata hanci, ranar na sha tambayoyi wallahi, sai da aka tono sunana a littafin asibitin dabbobi, da ba a samu ba da lissafin ya canza.

Ita gafiya gaskiya ba ta tada min hankali sosai, dangin ɓera da gyazbi, wanda Asantawa ke ce wa akrantie, da wuya a samu cutar a jikinsu. Tunku da dila da muzurun daji su ne abin tsoro, balle ka ga naman da ya saba gudun mutum ya shigo gida tsakar rana ba ya jin tsoron kowa. Jemage ma kar ka bar kare ko yara su taɓa wanda ya faɗo, waɗannan da ke cika bishiyoyin gidan zu kusa da kasuwar Kejetia an gano irinsu na ɗauke da ƙwayar da ke dangi da ta haukan kare. Amma fa wanda ya fi cin mu shi ne karen layi, waɗanda ke kwana a bola da bakin kwata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara, kashi 99 cikin ɗari daga kare suka ɗauka, kashi 40 kuma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. To karen da ke fita farautar gafiya da daddare, wa ya san da wa ya haɗu a hanya?

Na ga wani ya ce maka kwana goma kawai za ka lura. Ya haɗa abu biyu ne. Kwana 10 na karen da ya ciji mutum ne, in ya wuce su lafiya lau to ranar cizon ba cutar a yawunsa. Naka shi ake tsoron an sa wa, kuma abin yakan kwanta a jiki makonni ko watanni yana bin jijiya kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Sannan ba kowane ke hauka da cizo ba, wani shiru zai yi, muƙamuƙi ya saki yawu na dalala kamar ƙashi ya maƙale masa, sai mai tausayi ya zura hannu zai ciro. Don Allah kar kowa ya yi haka a gidanka.

Wa ya ɗauke mushen, wa ya wanke wa karen baki? In akwai mai ƙujewa ko ciwo a hannu, ko an yakushi yaro wajen raba su, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, ku duba agogo don ya fi yadda kuke zato tsawo, sannan a wuce asibiti, Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, ko wanda ya fi kusa, su ne za su yanke ko sai an fara allura. Masu cewa a ƙona gashin karen a shafa, ka gaishe su ka wuce, in alamu suka riga suka fito a jikin mutum ba a tashi.

In an yi masa wannan ka rubuta ranar a bayan kalanda, duk shekara ake yi a nan, ni 28 ga Satumba na riƙe tunda ita ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, ba na mantawa. Kuma ka tafi da sarƙa mai kyau, masu tasi ba sa son ɗaukar kare, ni aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, nake nema.