Mahaifinmu ya makance, wa ke da alhakin kula da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, Legas, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Mahaifina ya makance, ba shi da abin hannu, na ɗauko shi daga gida yana wurina. Da asuba nake fita, sai dare. Matata ce ke yi masa komai, har ta fara kukan gajiya. Ɗana mai shekara 10 yakan rasa makaranta don yi masa jagora zuwa masallaci. Yayyena biyu da ƙanwata sun ce tunda ni na ɗauko shi, nauyina ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka, ya ba Baba haƙuri. Ka isar masa da hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito: wanda Allah ya jarraba da rasa idanunsa biyu ya yi haƙuri, Aljanna ce madadinsu.

Maganar 'yan'uwanka ba ta da madogara. A mazhabar Malikiyya, ciyar da iyaye marasa hali wajibi ne a kan 'ya'yansu masu hali, maza da mata, na kusa da na nesa. Shaihu Khalil a littafinsa Mukhtasar ya haɗa har da nauyin mai yi musu hidima, kuma abin da ya fi rinjaye shi ne a raba gwargwadon samun kowa. Saboda haka ku lissafa abinci da magani da ladan mai kula da shi, kowa ya turo nasa duk wata. In sun ƙi, ka kai maganar gaban manyan dangi ko limamin garinku.

Matarka kuwa, a nan nake so ka buɗe kunne. Hidimar suruki ba wajibi ba ce a kanta, alheri take yi, kuma Allah zai ba ta lada. Da yawa daga cikinmu mukan ɗora wa mata biyayyar da mu aka umarta da ita, mu tafi kasuwa, in mun dawo a ce ɗa na gari. Wanka da kai shi bayan gida aikin namiji ne, kai ko wanda kuka ɗauka. Ka sama mata ranar hutu, ka ware mata wani abu daga kuɗin da aka haɗa, kuma in ta ce ta gaji kada ka ɗauka raini ne.

Yaron ya koma makaranta. Gaskiya ne Muslim ya ruwaito cewa wani makaho ya nemi izinin salla a gida, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko yana jin kiran salla, ya ce e, ya ce to ya amsa. Amma Itbanu ɗan Malik, da ganinsa ya raunana kuma ruwa kan cika kwarin da ke tsakaninsa da masallaci, Annabi ya je gidansa ya yi salla a wurin da Itbanu zai riƙa salla a gida. Dattijon da bai san unguwa ba, ga kwata a buɗe, ga babura da motocin haya na danfo, ga ambaliyar damina, yana da uzuri in babu jagora. Ranar Juma'a ka kai shi da kanka. Sauran salloli, ka roƙi maƙwabta masu wucewa su riƙa biyo masa.

Kada ku mai da shi kayan ajiya a ɗaka. Ibnu Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci, kuma Annabi ya sha barin Madina a hannunsa. Buta da takalmi da carbi su zauna wuri ɗaya kullum, a ɗaura igiya daga ƙofarsa zuwa bayi, mai shigowa ya faɗi sunansa, a riƙa neman shawararsa. Fitar da shi bara alhali yana da 'ya'ya masu nema bai halatta ba.

Shin likitan ido ya duba shi? Asibitin koyarwa na LUTH yana nan Idi-Araba. In yanar ido ce, aiki kan dawo da gani. In hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma yana bin jini, don haka kai da 'yan'uwanka ku je a auna naku.

Allah ne mafi sani.