Shukar da ba ki sani ba a tsakar gida: cin akuya ba shaida ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mun tare a wani gida a unguwar Rayfield da ke Jos, muka tarar da wani ɗan itace a jikin katanga mai dogayen siraran ganye masu sheƙi. Furensa ruwan ɗorawa ne mai kamar mazurari, kuma idan aka karya reshe sai wani farin ruwa kamar madara ya fito. Jiya na kama ɗana mai shekara huɗu yana fasa 'ya'yan itacen da dutse. Maƙwabciyata ta ce ba komai tunda awakinta suna taɓa ganyen, manhajar waya mai tantance tsirrai kuma ta ba ni sunaye uku daban-daban. Hankalina ya ƙi kwanciya. Wane itace ne wannan, kuma ina zan samo abin shinge marar haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin yi daidai da hankalinki bai kwanta ba. Siffar da kika bayar ta fi kama da Thevetia peruviana, ɗan asalin Meziko da Amurka ta Tsakiya, wanda aka shigo da shi don ado, ya kuma cika gidaje da makarantu a Jos. Tun daga saiwa har fure akwai guba a jikinsa, mafi yawanta a cikin ƙwayar, kuma guba ce mai rikita bugun zuciya, ta yadda ƙwaya ɗaya ko biyu na iya hallaka ƙaramin yaro. Kafin a tabbatar da sunansa, ki tsince duk 'ya'yan da suka zuba, ki hana yara zuwa wurin.

Maganar maƙwabciyarki ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta. Wai idan akuya ta ci ko tsuntsu ya tsattsaga, to ɗan Adam ma zai iya. Wannan kuskure ne mai kai mutum kabari. Cikin akuya ba irin namu ba ne, kuma taɓa ganye sau ɗaya ta wuce ba daidai yake da yaro ya tauna ƙwaya ya haɗiye ba. Ita kanta akuyar irin wannan itace yana kashe ta idan ta ci da yawa, sai dai mai ita ya ce ciwon ciki ne ya ɗauke ta. Dubi Lantana, mai ƙananan furanni ja da ruwan ɗorawa a dunƙule, wadda ta mamaye gefen hanyoyinmu: tsuntsaye suna cin 'ya'yanta lafiya lau, su ne ma suke yaɗa ta, amma ganyenta yana lalata hantar shanu. Dubi bini-da-zugu da muke shinge da shi a ƙauyuka, ƙwayarsa ba ta da ɗaci, yara suna ɗaukarta kamar gyaɗa, sai amai da zawo su biyo baya. Saboda haka mai ce miki ki ɗanɗana, idan babu ɗaci babu guba, ya fi maƙwabciyar taki ɓata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ake yi bayan yaro ya ci. Sai a danne shi a ɗura masa manja ko madara, a cusa masa yatsa a maƙogwaro, sa'an nan a zauna ana cewa ai ya yi amai, ta fita. Manja ba ya karya wannan guba, ɗuren kuma na iya shaƙe yaro, man ya gangara huhunsa. Gubar zuciya tana iya ɗaukar sa'o'i kafin ta nuna kanta, yaro yana wasansa ana ganin ya tsira. Idan kina da ko da zargin ɗanki ya haɗiyi wani abu jiya, ki kai shi asibiti yau, ki tafi da reshen da 'ya'yan a leda don likita ya gani.

Game da tantancewa, manhaja hasashe take yi daga hoto, kuma ba ta san tsirran tsaunukan Filato sosai ba. Ki sa leda a hannu ki yanki reshe mai ganye da fure da ɗa, ki shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ki rubuta tsayin itacen da launin ruwan da yake fitarwa. Ki kai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos ko sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Jos. Haka za ki yi da duk furen daji da ya tsiro miki bayan ruwan sama. Idan za a sare itacen, kada a yi girki da iccensa, kada kuma a ƙona shi kusa da mutane.

Batun shinge kuwa, a gidan da ke da yara na fi son lalle ko Hibiscus na ado, ko Bougainvillea idan ana son ƙaya. Duranta, wato ɗan itacen nan mai ganye ruwan ɗorawa da masu sayar da fure a bakin titi suka fi tallatawa, 'ya'yansa ma suna da guba, sai an riƙa aske shi kafin ya yi su. Ƙerana da manoman Filato suke kewaye gonaki da ita tana tsare dabba ƙwarai, amma ruwanta yana illata ido. Wajen saye, ki nemi a gaya miki sunan shukar, ki zare guda ɗaya daga ledarta ki ga ko ta yi saiwa, domin wasu reshen da aka yanko shekaranjiya suke sokawa a ƙasa su sayar. Ki dasa a watan Mayu ko Yuni bayan damina ta zauna, da tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin kowane tushe.