Amsa ga mai tambayar fentin fuskar gadon ƙarfe

Salamu alaikum ƴar uwa. Na ga tambayarki, kin sayo fuskar gado ta ƙarfe ta hannu, da tsatsa da tsohon fenti yana ɓarewa, kina so ki sake mata launi ki sa ɗakin yarinyarki, kina tambaya ko ki shafa sabo bisa tsoho kawai. Kar ki yi. Ni na yi hakanan da wadda munka sayo babbar kasuwa, fenti ruwan hoda mai kyau, kafin damina ta fita ya kumbura yana tashi kamar ɓawon albasa, ɗiyata tana ɓantara da farce tana kaiwa baki, wallahi ranar da na gani sai da gabana ya faɗi.

Aikin duk kankara ne, shafa fentin ba komi ba ne. Amma ki kula da yadda za a kankare, don tsohon fentin mai sau da yawa akwai darma ciki, har jan nan da masu walda ke shafawa ƙarƙashi, miniyom, na da can da darma aka yin shi. Amurka tun 1978 sunka hana ta cikin fentin gida, mu kuwa kayan hannu wa ya san shekarunsu ko inda sunka fito. Kin dai tuna Zamfara a 2010, yara ɗaruruwa sunka rasu saboda ƙurar duwatsun zinari da aka niƙawa cikin gidaje, to gubar guda ce, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba tare da an ga alama ba. Don haka kar a goge a bushe, kar a bari wani ya ce bari ya babbake da wuta ya fi sauri. A fitar da ita waje nesa da madafa, a shimfiɗa leda ko buhu, a riƙa jiƙa ƙarfen ana gogawa da burushin ƙarfe, sannan samfefa mai kaushi, a bi da mai laushi. Mai aikin ya rufe hanci, yara su tafi maƙwabta, in kina da juna biyu ba ke za ki yi ba. An gama a ƙunshe ledar a zubar, kayan jikin a wanke su daban.

Af, ki leƙa cikin bututun da wajen kusoshi, nan kuɗin cizo ke ɓuya, tafasasshen ruwa na zuba ma tawa. In akwai inda walda ta saki ko baki mai kaifi, mai walda ya gyara tun yanzu, kuma ki duba tsakanin sandunan kar ya zam kan yarinya na iya shiga ya maƙale.

Ta bushe sarai ki goge da tsumma da ɗan diliyan, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, ran nan ki shafa antiruy, wato fentin hana tsatsa, ƙarfe tsirara ko kwana guda ya yi tsatsa ta fara dawowa. Washegari fenti, shafa biyu marasa kauri, kwana guda tsakani. Na farko zai yi kamar bai rufe ba, kar ki ruɗe ki lafta, zai tsiyaya ne ya daskare. A kenkayari, shagon kayan gini, ki karanta gwangwanin da kanki ki ga an rubuta sans plomb, wato babu darma, musamman in ja ne ko ruwan ɗorawa, su sunka fi zuwa da darma, kar ki tsaya ga "mai kyau ne Hajiya" na yaron shago.

Lokaci ma ki zaɓa. Iskar hunturu ta Maradi kin san ta, fenti ɗanye sai ya koma kamar an barbaɗa gero, rana ta bazara kuma ƙarfen zafi ya kan yi fentin ya yamutse. Ni cikin zaure na yi da sassafe, na yayyafa ma ƙasa ruwa.

Sai haƙurin jira. Yini guda za ki taɓa ki ji ya bushe, amma ciki bai yi ƙwari ba kuma wari na nan. Tawa da na sake aikin sati biyu ta yi a zaure, maigida har yana tsiya wai aikin kan gado ya fi ƙarfin kan gadona. Shekara ukku ke nan, wuri guda kaɗai ya kwarzane, inda take buga kofinta.