Bawul, tsiyaya da huci: amsa ga mai aikin bututu

Wani makaranci daga Kaduna, mai aikin haɗa bututu a wata masana'anta, ya rubuto yana cewa: "Malam, muna da bawul iri uku. Da ɗaya muke zubar da ragowar ruwa, da ɗaya muke ɗibar kaɗan a kai gwaji, na ukun kuwa da kansa yake buɗewa idan matsi ya yi yawa. Yaran da nake koya wa aiki suna rikita su. Akwai sunayensu da Hausa?"

Malam, kada ka kori bawul, ya daɗe da zama ɗan gida. Mai faci ma da shi yake kiran bakin da ake hura wa taya iska. Harafin farkon kalmar Turancin, wato v na valve, shi ne babu a Hausa, sai muka mayar da shi b, kamar yadda muka yi a direba da talabijin. Abin da ya rage shi ne ka bambanta su da aikinsu.

Na farko ka kira shi bawul ɗin tsiyaya. Zubarwa aikin lokaci guda ne, tsiyayewa kuwa sai ɗigon ƙarshe ya fita, shi ya sa ake ɗaura shi a wuri mafi gangare. A tankin mai, ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasa, ta nan ake tsiyaye shi. Na biyu bawul ɗin samfur ne. Wani zai ce ɗanɗano, ni dai ban yarda ba: yaro ya ji ɗanɗano a wurin sinadari, ai ka jawo wa kanka magana.

Na ukun ne ya fi ba ni sha'awa. Ina ba da shawarar bawul ɗin huci. Huci shi ne numfashi mai ƙarfi na wanda ya cika ya batse, kamar kumurci. Ɗan'uwansa kuma huce, wanda muke faɗa wa tuwo da mai fushi duka biyu. Bawul ɗin ya yi huci, tukunya ta huce. Wani Bafaranshe, Denis Papin, wanda ya ƙera tukunyar matsi a 1679, shi ake jingina wa ƙirƙirar wannan bawul. Nasa da nauyi ake danne shi, na yanzu galibi da sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo.

Makarancin ya ƙara da tambayar ko "tura ta kai bango" ta dace da lokacin da bawul ɗin ke buɗewa. A'a. Ana faɗin haka ne idan wurin ja da baya ya ƙare, sai dai a yi ta ta ƙare. Shi kuwa wannan bawul ana saita shi ne ya buɗe tun da sauran tazara tsakanin matsin da ƙarfin ƙarfen. In tura ta kai bango a tukunyar tururi, ba huci za ka ji ba, ƙarar fashewa ce.