Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan kitse a hanta da hawan ALT

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Na ga tambayarki, kin ce sikanin ya nuna kitse a hanta kuma ALT ɗinki ya kai 70, kina tsoron ko hantar ce ta lalace. Ni ma na shiga wannan halin shekara uku baya, nawa ma 84 ne, wallahi kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

ALT da AST enzayim ne, wato wasu sinadarai da ke zaune cikin ƙwayoyin hanta suna aikin sarrafa furotin, in ƙwayar ta ji ciwo sai su yoyo cikin jini, lambar da kika gani yawan yoyon ne kawai take nunawa, ba ta faɗin ko akwai tabo. Akwai masu tabo sosai amma ALT ɗinsu ƙasa da 40, shi ya sa ban so mutum ya ɗora hankalinsa duka kan lambar nan.

Asalin matsalar, jiki ne ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sai kitsen tumbi ya dinga kwarara zuwa hanta, ita kuma hantar tana ta mayar da sukari kitse, musamman furuktos ɗin lemun kwalba, har ya fi ƙarfin abin da za ta iya ƙonawa ko ta fitar. Dalilin ke nan ma da a 2023 likitoci suka canja wa cutar kitsen hanta suna a Turance daga NAFLD zuwa MASLD, don tafiyarta ɗaya da ƙiba da ciwon suga da hawan jini.

Ki roƙi likitanki ya gwada miki hepatitis B da C tukunna, da suga, sannan ya lissafa miki FIB-4, wato ma'aunin yiwuwar tabo a hanta, da shekarunki da AST da ALT da platelet (ƙwayoyin da ke daskarar da jini) ake yinsa, shi zai nuna ko kina buƙatar FibroScan, sikanin da ke auna taurin hanta.

Don Allah kar ki sha magungunan nan da ake cewa na wankin hanta, wasu ƙara mata ciwo suke. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi shi ke kwantar da kumburin, amma a hankali, ban da horon yunwa. Ni lemo na bari, na kama tafiyar ƙafa minti 30 kullum, kilo 8 na sauke cikin wata tara, gwajina na ƙarshe ALT 29 ne kuma har yanzu ina komawa ana dubawa.