Ku Tambayi Anti: Me Zan Tarar a Tukunyar Mutanen Norwe?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Maigidana yana karatu a Bergen ta ƙasar Norwe, bayan Sallah zan bi shi. Ya ce min mutanen can ba su san yaji ba, daga dankali sai kifi. Ga shi kuma matar malaminsa ta aiko cewa tana jirana ta koya min girkinsu. Me zan tarar, kuma wanne ya halatta in ci? Ƙanwarki daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kai ki lafiya. Maigidanki gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa miki zancen ba. Na yi shekara biyu a Tromso, can ƙuryar arewacin ƙasar, inda ba a ganin rana sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Kakannin mutanen nan damuwarsu ɗaya ce, abin da zai kai iyali ƙarshen hunturu. Shi ya sa girkinsu duk shanya ne da gishiri da banda, ba tarin kayan ƙamshi ba.

Kin ma daɗe da sanin abincinsu. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a Sabon Gari, wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla, yawancinsa daga Norwe yake zuwa. Na je tsibiran Lofoten a watan Maris na ga yadda ake yinsa. Ana ɗaure kifayen bibbiyu ta wutsiya, a rataye su a kan manyan dirakun katako a bakin teku, ko ƙwayar gishiri ba a sa musu. Iska mai sanyi ce ke aikin tun daga Fabrairu har wajen Mayu. Tun daga nesa ƙarnin ke tarar mutum, ya kama mayafi ya ƙi fita. Mafi kyawunsa ana kai wa Italiya, kawunan kuma Nijeriya ce babbar kasuwarsu.

Su mutanen Norwe a gida sukan jiƙa shi kwana da kwanaki, su tsoma shi a ruwa mai kaifi irin ruwan tokarmu, su sake wanke shi har ya yi laushi yana rawa a faranti. Sunansa lutefisk, abincin lokacin Kirsimeti ne. Kifin kansa halal ne, amma kusan kullum da soyayyen naman alade da mansa ake zuba shi, don haka ki yi magana tun kafin a zuba miki.

Abin da nake so ki roƙi matar nan ta koya miki shi ne fårikål, wato naman tunkiya cikin kabeji. A 1972 masu sauraron wani shirin rediyo suka zaɓe shi abincin ƙasa, kuma har yau Alhamis ɗin ƙarshe ta watan Satumba ranarsa ce, don lokacin ne tumaki suka sauko daga kiwon duwatsu da kitsensu. Ki samu nama mai ƙashi kilo 1 da rabi, kabeji ma haka, ki yayyanka shi manya-manya. Ki fara jera mai kitsen a gindin tukunya, sai kabeji, sai nama, kina barbaɗa gishiri da masoro ɗan gaba ɗaya wanda ba a daka ba. Ruwa kofi 1 da rabi ya isa. Ki rufe, ki rage wuta, ki bar shi awa 2 da rabi, kada ki juya. Ranar da maƙwabciyata ta fara dafa min, hannuna har ƙaiƙayi yake in jefa albasa da attaruhu, ta girgiza kai. Da ta buɗe tukunyar, naman yana zamewa daga ƙashi, kabejin ya sha romo ya yi zaƙi, muka ci da dafaffen dankalin Turawa. Don Allah karon farko ki ci shi yadda suke ci. Washegari, in ya kwana ya ƙara daɗi, sai ki sa yajinki.

Ki saye naman da kanki a shagon halal ki kai mata, Musulmi 'yan Pakistan da Somaliya sun buɗe irinsu a manyan garuruwa. A kanti kuwa, duk abin da kika ga an rubuta svin ko skinke a jikinsa alade ne, kuma sau da yawa yana cikin tsiran turawansu da curin niƙaƙƙen nama. Gasasshen haƙarƙarin Kirsimeti da suke kira ribbe shi ma alade ne.

Abincin zafi sau ɗaya suke ci, wajen la'asar. Safe da rana burodi ne da ɗan abin ɗorawa, musamman brunost, cuku mai ruwan ƙasa da ɗanɗanonsa ya yi kama da alawar madara. Ki yanka shi siriri a kan burodi da man shanu, ki haɗa da shayi.

A akwatinki ki sa kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji, a ƙulle sosai. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ki bar su a Zariya, domin dokarsu ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga irin ƙasashenmu, za a karɓe su a filin jirgi.